Idan aka daina karɓar kuɗi a ƙofar gidan tarihi, talaka zai shigo?

A watan Janairun 2025 shugaban Faransa, Emmanuel Macron, ya tsaya a cikin gidan tarihi na Louvre da ke Paris, ya sanar cewa baƙin da suka fito daga wajen Tarayyar Turai za su riƙa biyan kuɗin tikiti sama da na kowa, don a samu abin gyaran ginin. Shekara guda kafin nan ma an ɗaga tikitin daga yuro 17 zuwa 22. Duk lokacin da irin wannan labari ya fito, gardama ɗaya ce ke tashi. Wasu su ce kayan tarihi gadon kowa ne, ba a sayar wa magaji kallon gadonsa. Wasu su ce rufin gini ba ya gyara kansa, mai gadi kuma ba iska zai ci ba. Ɓangarorin biyu sun haɗu a zato guda, cewa tikiti shi ne katangar da ta raba masu ƙaramin ƙarfi da gidajen tarihi. To haka ne? Idan aka wayi gari an cire kuɗin ƙofa, wa zai shigo, wa kuma zai ci gaba da wucewa ta bakin titi bai ko ɗaga kai ba?

Wane gida ake nufi, su wa kuma aka bari a waje?

Idan an ce gidan tarihi, tsofaffin takubba da tukwane ne ke faɗo wa yawancinmu a rai. Abin ya fi haka faɗi. Akwai na zane-zane da sassaƙa, akwai na kimiyya da ƙere-ƙere, akwai na ƙasusuwan dabbobi da duwatsu, har da waɗanda aka gina don yara kaɗai. Majalisar gidajen tarihi ta duniya, ICOM, ta yi taro a birnin Prague a watan Agustan 2022 ta amince da sabuwar ma'anar gidan tarihi, kuma ta faɗa ƙarara cewa wuri ne da ba don riba aka kafa shi ba, buɗe yake ga jama'a, kowa na iya kaiwa gare shi ba tare da an ware wani ba. Tun da daɗewa ma sashe na 27 na sanarwar kare haƙƙin ɗan'adam ta Majalisar Ɗinkin Duniya, wadda aka fitar a 1948, ya ba kowa 'yancin a dama da shi a rayuwar al'adun al'ummarsa.

Waɗanda aka bari a waje ba iri ɗaya ba ne, kuma nan ake yawan tafka kuskure. Akwai wanda aljihu ne ya hana shi. Akwai wanda nisa ne, yana ƙauye ko a unguwar bayan gari da mota ba ta cika zuwa ba. Akwai makaho da kurma da mai keken guragu. Akwai wanda ba ya karanta harshen da aka yi bayanin kayan da shi. Sannan akwai wanda zai zagaye gidan kaf bai ga komai da ya shafi iyayensa da kakanninsa ba, ko kuma ya gansu an baje su kamar abin mamaki. Saboda haka araha daban, isa ga abu daban. Saukar da farashi maganin mutum na farko ne kawai a wannan jeri.

Ƙofa a buɗe, amma ba kowa ke shiga ba

Matsalar ta girme mu. Gidan tarihin Birtaniya da ke Landan ya buɗe a 1759, kuma tun ranar farko ba a karɓar ko anini. Sai dai a shekarun farko dole mutum ya nemi takardar izini tukuna, a duba sunansa, ya dawo ya karɓa, sannan ya sake dawowa ranar da aka sa masa, a zagaya da su cikin hanzari. Lebura da ke cin guminsa na yini ina ya ga wannan lokaci? Kyauta ce a baki, a aikace kuwa ta masu hali ce.

Kusan shekara ɗari bayan nan, Henry Cole, shugaban farko na gidan da a yau ake kira Victoria and Albert a Landan, ya gano inda gizo ke saƙa. A 1858 ya sa fitilun gas a ɗakunan nuni, aka riƙa buɗewa da dare, don masu aikin yini su samu zuwa bayan an tashi. Wato tun wancan zamani akwai masu hankalin da suka fahimci cewa lokaci ma kuɗi ne ga talaka, ya ma fi tikiti tsada.

Abin da aka gani da aka cire kuɗin

Gwaji mafi shahara shi ne na Ingila. Ranar 1 ga Disamban 2001 manyan gidajen tarihi na ƙasa da ke karɓar kuɗi suka daina, ban da nune-nune na musamman da ake kawowa na ɗan lokaci. Jama'a suka yi tururuwa. A Victoria and Albert yawan ziyara ya ninka cikin shekarar farko, kuma cikin shekara goma ziyarar da ake kai wa gidajen da suka daina cajin ta ninka har da ɗoriya. Wanda duk ya ce kuɗin ƙofa ba ya hana mutane zuwa, waɗannan alƙaluma sun ƙaryata shi.

Amma da masu bincike suka duba su wane ne ke shigowa, sai murna ta ragu. Kaso mai yawa na ƙarin ya fito ne daga mutanen da dama suna zuwa, masu ilimi mai zurfi da aiki mai tsoka, waɗanda yanzu suke leƙowa sau uku ko huɗu maimakon sau ɗaya. Masu ƙaramin ƙarfi ma sun ƙaru, gaskiya ne, sai dai kasonsu a cikin taron bai motsa sosai ba. Wannan ne ya sa wasu masana tattalin arziki ke cewa shiga kyauta ga kowa tallafi ne da harajin direba da mai shara ke yi wa nishaɗin lauya da ɗan yawon buɗe ido. Maganar tana da zafi, kuma ba za a share ta da hannu ɗaya ba.

Louvre ma ya ga irin haka. Shekaru da dama yana buɗe ƙofa kyauta ranar Lahadin farkon wata, har ya lura cewa 'yan yawon buɗe ido ne suka fi cika layin, su da sun riga sun biya kuɗin jirgi da otal, tikiti ba zai gagare su ba. A 2019 sai ya mayar da kyautar zuwa daren Asabar ta farkon wata, da fatan jawo mazauna Paris da kewayenta da ba su taɓa shiga ba.

Wani darasin kuma daga Suwidin yake. An cire kuɗin ƙofa a gidajen tarihin gwamnati a 2005, sabuwar gwamnati ta dawo da shi a 2007, aka sake cirewa a 2016, aka sake dawo da shi ga manya a 2023. Tsarin da ke rawa da kiɗan zaɓe irin wannan ba ya barin al'ada ta kafu. Iyalin da ba su saba zuwa ba sukan ɗauki shekaru kafin labarin kyautar ma ya iso kunnensu. Ƙasar Sin kuwa ta ɗauki hanya guda tun 2008, lokacin da ta umarci yawancin gidajen tarihin gwamnati su daina karɓar kuɗi, gwamnati na cike musu giɓin.

Kuɗaɗen da ba a rubuta a jikin tikiti ba

Ɗauki uwa mai 'ya'ya uku da ke zaune a gefen babban birni, ko wane birni ne. An ce mata shiga kyauta ne. Za ta biya motar mutum huɗu zuwa da dawowa, wataƙila hawa biyu. Za ta yi asarar aikin yini, domin ita ba albashi gare ta ba, in ba ta fita ba babu. Yara za su ji yunwa, shagon cikin gidan kuma farashinsa na masu hali ne. Idan gidan ya koma raba gurbin shiga ta intanet, kamar yadda da yawa suka yi tun lokacin annobar korona, to sai tana da waya mai kyau da data, wani lokaci har da katin banki, ko da gurbin na kyauta ne. Idan aka tara waɗannan, tikitin da ake ta gardama a kai shi ne ƙaramin cikinsu.

Akwai kuma wani shinge da ba a auna shi da kuɗi, kuma a ganina shi ne mafi tsayi. A 1966 masanin zamantakewa ɗan Faransa, Pierre Bourdieu, da abokin aikinsa Alain Darbel suka fitar da sakamakon binciken da suka yi a kan masu ziyartar gidajen zane-zane a ƙasashen Turai. Abin da suka gano shi ne zurfin karatun mutum ya fi ƙarfin aljihunsa nuna ko zai je ko ba zai je ba. Wanda ya tashi a gidan da ake kai shi tun yana ƙarami ya san yadda ake tsayawa gaban zane, ya san ba laifi ba ne ya wuce wani ɗaki bai tsaya ba. Wanda bai saba ba kuwa, daga matakalar marmara zai fara jin shi baƙo ne. Shirun wurin kamar ana tuhumarsa. Mai gadi na bin sa da ido. Bayanin da ke jikin bango an rubuta shi ne don wanda ya riga ya sani. Ɗansa ya yi dariya da ƙarfi, kowa ya waiwayo. Ba wanda ya kore shi, amma ba zai dawo ba, kuma in ya koma gida abin da zai faɗa wa maƙwabta shi ne wurin ba namu ba ne. Wannan jimla tana tafiya daga uba zuwa ɗa kamar gado.

Ga masu buƙata ta musamman abin ya fi fitowa fili. Sashe na 30 na yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 2006 kan haƙƙin naƙasassu ya ambaci gidajen tarihi da suna a cikin wuraren da dole a sauƙaƙa musu shiga. Amma dokar farko a kusan kowane gidan tarihi ita ce kada a taɓa, makaho kuwa da hannu yake gani. Wasu sun nemo mafita. A birnin Ancona na Italiya akwai gidan Omero, wanda aka buɗe a 1993 bisa ƙoƙarin wasu makafi biyu, miji da mata, inda ake shafa kowane sassaƙe. Gidan Prado na Madrid kuma a 2015 ya yi kwafin wasu shahararrun zanukansa masu tudu da kwari, makafi suka bi su da yatsa.

To wa zai biya?

Babu gidan tarihin da yake kyauta. Akwai dai wanda wani ya biya maka. Na'urorin da ke daidaita sanyi da danshi don kada takarda ta ruɓe ba sa hutawa dare da rana, ga inshora, ga albashin masu gadi da masu gyaran kaya. Tambayar gaskiya ita ce daga wane aljihu za a ciro.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne a manyan gidaje da dama tikiti ƙaramin kaso ne na kasafinsu, galibin kuɗin daga gwamnati yake fitowa, ko daga masu ba da gudummawa da ribar dukiyar da aka ajiye wa gidan. Gidajen Smithsonian da ke Washington ba sa karɓar kuɗi saboda gwamnatin tarayyar Amurka ke ɗauke da mafi yawan nauyinsu. A Ingila ma abin bai yiwu ba a 2001 sai da gwamnati ta ba da diyya, ta kuma gyara dokar harajin VAT yadda gidan da ba ya caji zai iya karɓo harajin da ya biya a kan sayayyarsa. Ƙananan gidaje masu zaman kansu kuwa labarinsu daban ne. Wasunsu da tikiti suke biyan wuta, in ka ce su cire shi ba tare da ka ba su madadi ba, rufewa ka ce su yi.

Tsakanin caji da kyauta akwai hanyoyi da dama, kowacce da aibinta. Gidan Metropolitan na New York ya shafe kusan shekara hamsin yana cewa kowa ya ba da abin da ya sawwaƙa. A 2004 kashi 63 cikin 100 na masu ziyara na biyan cikakken kuɗin da aka ba da shawara, amma zuwa 2017 kashi 17 kacal na manya ke biya. Daga watan Maris na 2018 sai aka wajabta dala 25 a kan waɗanda suka zo daga wajen jihar, aka bar wa mazauna jihar tsohon tsari. Wannan raba farashi tsakanin ɗan gida da baƙo yana da hujja, tunda harajin ɗan gida ne ke riƙe da wurin. Amma yana zuwa da neman katin shaida a ƙofa, kuma wanda ya fi tsoron a ce ya nuna takarda shi ne ɗan ci-rani da mara muhalli, wato ainihin waɗanda ake son jawowa.

Wata hanyar ita ce a nufi mabuƙata kai tsaye. Shirin Museums for All da aka fara a Amurka a 2014 yana ba duk mai riƙe da katin tallafin abinci na gwamnati damar shiga kyauta ko da 'yan daloli kaɗan, shi da iyalinsa, a kowace ranar da gidan ke buɗe, kuma gidaje sama da dubu sun shiga ciki. Kyawunsa shi ne ba a ware wa talaka rana ɗaya mai cunkoso ba. Nauyinsa kuma shi ne sai mutum ya bayyana talaucinsa a gaban layi, gaban 'ya'yansa. Duk wanda ya san kunya ya san wannan ba ƙaramin farashi ba ne.

Tsarin da ya fi burge ni shi ne na birnin Detroit a Amurka. A watan Agustan 2012 masu zaɓe a gundumomi uku, Wayne da Oakland da Macomb, suka amince a ɗora musu ɗan ƙaramin harajin gidaje na shekara goma don tallafa wa gidan zane-zanen birnin. A madadin haka mazauna gundumomin ke shiga kyauta, kuma gidan ke biyan motocin da ke kwaso ɗaliban makarantu. A 2020 suka sake kaɗa ƙuri'a suka sabunta. Yarjejeniya ce a fili, an san mai biya, an san abin da ya saya, kuma an sa kuɗin mota a lissafi.

Idan ba su zo ba, a je musu

Batun motar ɗalibai ba ƙawa ba ne. A jihar Arkansas ta Amurka, bayan an buɗe gidan zane-zane na Crystal Bridges a 2011, makarantun da suka nemi kai ziyara sun fi guraben da ake da su, sai aka raba ta hanyar ƙuri'a. Wannan ya ba masu bincike na jami'ar jihar damar kwatanta waɗanda suka je da waɗanda ba su riga sun je ba, ɗalibai kusan 11,000. Waɗanda suka je sun fi iya nazarin zanen da ba su taɓa gani ba, kuma ribar ta fi yawa a tsakanin 'yan karkara da 'yan makarantun talakawa. Da aka raba wa kowa takardar gayyatar dawowa da iyalinsa, waɗanda suka taɓa zuwa sun fi amfani da ita. Ziyara ɗaya ta yini guda ta fara rushe wannan magana ta wurin ba namu ba ne.

Wasu kuma gidan suka ɗauka suka kai. Louvre ya buɗe reshe a 2012 a garin Lens, tsohon garin masu haƙar kwal a arewacin Faransa, a kan filin tsohuwar mahaƙa, kuma babban ɗakin nuninsa kyauta ne. Tun 1967 Smithsonian ya buɗe ƙaramin gida a wani tsohon silima a unguwar Anacostia, unguwar baƙaƙen fata a Washington. Abin lura shi ne da aka saurari mazauna wurin, ba kayan sarakunan Turai suka nema ba. A 1969 aka yi nuni a kan ɓeraye, har da masu rai, domin ɓera ne ke addabar gidajensu. Masu ganin gidan tarihi wurin alfarma ne na iya yamutsa fuska, amma mutanen unguwa sun ga damuwarsu a bango, an ɗauke ta da muhimmanci.

A birnin Cape Town na Afirka ta Kudu, gidan tarihin unguwar District Six ya ƙara gaba. Gwamnatin wariyar launin fata ta ayyana unguwar a matsayin ta fararen fata a 1966, aka kori mutum sama da 60,000, aka rusa gidajensu. Gidan tarihin da aka buɗe a 1994 ya shimfiɗa taswirar unguwar a ƙasa, tsofaffin mazauna na zuwa su durƙusa su rubuta sunayensu a inda gidajensu suke a da. Mutumin da sunan mahaifiyarsa ke ƙasan ɗakin ba ya buƙatar a roƙe shi ya shigo.

Shi ya sa ba na yarda da masu cewa talaka yunwa ta sha masa kai, ba ruwansa da tarihi. A watan Nuwamban 2021 Faransa ta mayar wa Jamhuriyar Benin kayan sarauta 26 da sojojinta suka kwashe daga Abomey a 1892. Daga watan Fabrairun 2022 aka baje su a fadar shugaban ƙasa da ke Kwatano, shiga kyauta, kuma cikin watanni uku mutum kusan 200,000 suka yi layi. Kayan nan sun shafe shekaru a Paris a gidan da ake cewa buɗe yake ga duniya, alhali tsakaninsu da jikokin waɗanda suka sassaƙa su akwai biza da kuɗin jirgi.

Da me za a auna?

Matsayata ita ce a cire kuɗin ƙofa ga mutanen da gidan ke zaune a cikinsu, ba tare da an sa su tonon asirin kansu ba, a ɗora nauyin a kan baitulmali da baƙi masu hali. Amma gidan da ya tsaya nan ya yi rabin aiki. Ragowar yana wurin motar ɗalibai, da buɗewa bayan an tashi aiki, da bayani cikin harshen da mutane ke yi a gida, da ɗaukar ma'aikata daga unguwannin da ake son jawowa. Abin takaici, idan kasafi ya yi ƙunci waɗannan ne aka fi saurin yankewa, domin ba a ganinsu kamar yadda ake ganin sabon gini.

Dalilin kuwa yana cikin yadda ake lissafi. Yawancin gidaje adadin ƙafafun da suka tsallaka ƙofa suke kai wa gwamnati da masu ba da gudummawa, a wannan ma'auni kuwa mutum ɗaya da ya zo sau goma daidai yake da mutum goma da suka zo karon farko. Tambaya biyu a bakin ƙofa sun isa su raba su: daga wace unguwa ka fito, kuma ka taɓa zuwa? Gidan da ke cin kuɗin jama'a ya kamata ya tattara amsoshin ba tare da ɗaukar sunan kowa ba, ya wallafa su duk shekara kusa da taswirar birnin, yadda mai biyan haraji zai duba ya ga ko unguwarsa ta fito.